Kufan da Na Ce Na San Hanyarsa

Abin da na shiga wannan tafiya da shi bai fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Kwana uku da na ƙwato da ƙyar daga shago, ban da na hanya. Jarka shida ta ruwa. Gwiwoyi biyu da suka daɗe suna yi mini ƙorafi. Tampol ɗaya mai kauri, daga cikin kayan da nake sayarwa. Sai magana ɗaya, wadda ita ce ainihin jarin: shekara ashirin da shida ina gaya wa babbar 'yata cewa ko an ɗaure mini ido zan kai ta kufan garinmu, in nuna mata inda mahaifiyata take kwance. Sunan mahaifiyar tawa na sa mata, shi ya sa ba na kiranta da suna, Uwata nake ce mata. Sauran huɗun ko sun tafi ba komai. Ta biyar ɗin ce ban shirya rasawa ba.

Na bar garin nan ina ɗan shekara goma sha bakwai. Gero ya ƙi shekara biyu a jere, yashi ya fara shigowa gonaki, mahaifiyata ta rasu muka binne ta, mutane suka fara tashi gida bayan gida. Ni motar shanu na bi har Onitsha. Na yi dako a can, mu tara a ɗaki ɗaya, duk 'yan arewa, kowa da garin da ya baro. Daga nan na koma Fatakwal na kasa igiya da leda a tashar Rumuokoro, kafin Allah ya zaunar da ni a Enugu, inda yanzu nake da shagon tampol kusa da Uwani. A unguwar Abakpa Nike, nan Enugu, aka haifi 'ya'yana duka. Ban taɓa komawa garinmu ba, don tun ina Fatakwal labari ya iske ni cewa babu kowa, an watse, ya zama kufai.

A Onitsha na koyi dokar da ta riƙe ni har yau. Maigidana na farko, wani Inyamuri mai sayar da buhuna, shi ya koya mini. Idan mai saye ya tambayi kaya, ba ka cewa babu. Ka ce akwai, ka ba shi kujera, ka ce ina zuwa, ka zaga ta baya wurin maƙwabci ka karɓo. A wurinmu wannan ba ƙarya ba ce, don kasuwa gaba ɗayanta rumbu ɗaya ce, bakin ƙofa ne kawai ya bambanta. Abin da babu a shagonka yana shagon da ke jikin naka. Shekara arba'in wannan dabara ba ta taɓa kunyata ni ba.

Uwata ma'aikaciyar jinya ce, mijinta kuma haifaffen Fatakwal ne, Hausarsa rabi da rabi. Su biyun suna da wata ɗabi'a da har yau ban gane kanta ba. Ranar Asabar sai su sa takalman roba su tafi hawan tuddan da ke kewaye da Enugu tare da wasu abokansu. Su hau, su ɗauki hoto, su sauko. Na taɓa tambayarta me ake sayarwa a can saman.

Ta ce, “Iska, Baba.”

Na ce, “Ita ma wadda ke ƙasa ai ba ta ƙare ba.”

Wata rana ta zo shago da wayarta ta nuna mini hoton tuddan yashi, ja-ja, da goruba a ƙarƙashinsu. Ta ce gwamnati ta keɓe wurin ya zama gandun daji, can ƙarshen arewa gab da iyakar Nijar, mutane suna zuwa su kafa tanti su kwana, su yi tafiyar ƙasa cikin hamada. Ta karanta mini sunayen garuruwan da ke kusa. Na san biyu daga ciki. Kasuwar ɗayansu muke ci ina yaro.

Ta ce, “Baba, ba wajenku ba ne nan?”

Na ce, “Nan ne.”

“To za ka gane wurin?”

Ita ce mai saye, ga ta a kan kujera. Bakina bai jira ni ba. Na ce, “Akwai rijiya da goruba uku a kanta, ai na sha gaya miki. Daga rijiyar zuwa maƙabarta bai kai daga nan zuwa bakin titi ba.”

Kwana biyu muka yi a hanya kafin mu isa. A ofishin gandun aka rubuta sunayenmu, aka ba mu takardar shiga, aka haɗa mu da jami'in da zai yi mana jagora, wani siririn mutum mai ƙarancin magana. Na riƙe takardar nan ina juya ta. Wurin da na gudu daga cikinsa da ƙafata, ba takalmi, yau sai da izini ake shigarsa. Surukina yana ta murna yana cewa wurin ya fi yadda yake a hoto. Na duba inda yake dubawa. Yashi ne. Shi ne dai wanda ya cinye gonar mahaifina.

Da la'asar muka isa inda za mu sauka. Su sun zo da ƙananan tantuna irin na zamani, waɗanda mutum ke rarrafawa ya shiga kamar kaza a akurki. Na ce ni mai sayar da tampol ba zan kwana a cikin wannan ba. Na fito da nawa, na kafa sanduna, na buga turaku yadda na kafa rumfunan biki fiye da yadda zan iya tunawa. Ban gama karkaɗe hannu ba iska ta zo ta zare turakun ɗaya bayan ɗaya kamar ana cire ƙaya, tampol ya tashi ya bi gangara, surukina ya bi shi da gudu. Jami'in bai yi dariya ba. Ya karya itace gajeru, ya ɗaure igiya a tsakiyar kowane, ya haƙa rami ya kwantar da su ya binne.

Ya ce, “Alhaji, a nan turke ba ya tsayuwa, kwanciya yake yi.”

Na ce, “Haka ne, haka muke yi da.” Ban tuna ko haka muke yi ba.

Washegari bayan sallar asuba muka ɗauki hanya. Jami'in ya kafa sharaɗi ɗaya: kowa da gorar ruwansa, idan ruwa ya kai rabi za mu juya, ko an ga abin da ake nema ko ba a gani ba. Sannan ya juyo gare ni.

“Alhaji, kai ne ɗan gida. Ina muka nufa?”

Shirina a bayyane yake a zuciyata, kuma a ganina ba shi da aibu. Zan ce akwai, mu fara tafiya. Ba za mu yi nisa ba sai mun gamu da makiyayi, ko mata a bakin rijiya, ko mai raƙumi. In ce musu ina zuwa, in ware gefe in gaisa, in tambaya a hankali, in dawo da amsa kamar daga aljihuna na ciro ta. Na nuna arewa maso gabas, don na tuna rana tana fito mana ta hannun dama idan muna dawowa daga kasuwa. Ko kuwa idan muna tafiya kasuwar ne? Na dai nuna.

Hawan tudun yashi ba kamar hawan komai ba ne. Ka ɗaga ƙafa ka sa gaba, ta zame ta dawo kusan inda ta taso. Gwiwoyina suka fara magana tun a tudu na biyu. Ƙarangiya ta cika mini ƙafar wando. Surukina yana da agogon da ke ƙirga taku, duk bayan ɗan lokaci sai ya duba ya sanar da mu, kamar wani zai biya shi. Uwata tana gefena da faffaɗar hula, tana tambaya.

“Baba, wannan itacen fa?”

“Aduwa.”

“Wannan?”

“Tumfafiya. Kada ki taɓa ruwanta ki taɓa ido.”

Waɗannan na sani, kuma na ji daɗin saninsu. Na riƙa ba da amsa da ƙarfi don su cike gurbin wadda ba ni da ita.

Muka kai ƙololuwar tudu na uku. Na duba gaba, na duba hagu da dama. Tuddai ne iri ɗaya har inda ido ya tsaya, kamar an zuba buhunan gero ba a jera ba. Babu makiyayi. Babu hayaƙi. Babu ko akuya. A kasuwa ban taɓa juyawa na rasa maƙwabci ba. A nan na juya sau biyu.

Uwata ta ce, “Saura nisa?”

Na ce, “Akwai, bayan wancan ne.”

Bayan wancan aka sami wani wancan. Na rage tafiya har jami'in ya iso ni, na yi kamar hira nake ja. Na tambaye shi yadda mutanen yanzu suke kiran kwarin da ke da rijiya mai goruba uku. Ya ce shi turo shi aka yi aiki, ba ɗan nan ba ne, kuma kwari mai goruba ya san fiye da goma, wasu uku, wasu ɗari. Ya tambaye ni sunan garin. Na faɗa. Ya ce bai taɓa ji ba, kuma ba ya cikin taswirar ofis. Shi ke nan maƙwabcin da nake da shi, kuma shagonsa babu kayan.

Har yanzu ban gane abin da ya sa na ci gaba ba. Mutum mai hankali zai tsaya nan. Amma ga surukina a baya, wanda ban taɓa bari ya ga ko hulata a karkace ba, ga 'yar da ta baro aikinta ta ƙetare ƙasar nan tun daga Enugu saboda maganata. Sau huɗu na ce bayan wancan ne. A na huɗun ni kaina na fara yarda, don wani tudu ya yi mini kama da wanda muke gangarowa a kansa muna yara. Da muka hau na ga bayansa, sai ya daina kama.

Da hantsi ya yi zafi jami'in ya ɗaga gorarsa ya duba, ya sa kowa ya ɗaga tasa.

“Rabi. Mun juya.”

Na fara cewa saura kaɗan. Ya ce, “Alhaji, ka yi haƙuri. Wannan ba a ciniki a kansa.” Ba a saba gaya mini haka ba. Muka juya. Iska ta riga ta share sawunmu, da ba don shi ba ban san ta inda za mu koma ba. Farcen babban yatsana ya yi baƙi a cikin takalmi.

Rana ta uku jami'in ya ce akwai wani dausayi da ba shi da nisa, inda ake haƙar kanwa, ya kamata baƙi su gani kafin su tafi. Ya faɗa yana duban wani wuri daban, amma na gane taimako ne yake miƙo mini. Inda ake haƙar kanwa akwai mutane. Inda akwai mutane akwai tsoho.

Akwai kuwa. Muka gangara cikin kwari mai dabino da goruba, ƙasa fara fat kamar an zuba gishiri, muka tarar da wani dattijo zaune a inuwa yana ɗinke bakin buhu. Ya girme ni nesa. Na ce wa su Uwata su je su ga ramukan kanwa, ina zuwa. Na tsuguna gabansa muka gaisa, na tambayi gida da iyali da aiki. Sannan na sassauta murya na faɗi sunan garinmu, na ce ko ya san inda kufansa yake.

Ya kara hannu a kunne. “Me?”

Na ƙara faɗa, da ɗan ƙarfi.

“Ɗaga murya, ɗana, kunnen ya tafi!”

Na faɗa a karo na uku, yadda duk kwarin ya ji. Shi kuma da ya tashi ba da amsa, irin ta kurame ya bayar, kamar yana kiran wani a ƙetaren kogi.

“Au! Garin da yashi ya ci! Kai ɗan can ne? Ɗan wa?”

Na faɗi sunan mahaifina. Ya gyaɗa kai, ya ce ya san shi, mai gyaran guga. Ya yi masa addu'a. Shekara arba'in ban gamu da wanda ya san mahaifina ba. Na ce to rijiyar nan mai goruba uku, ta wane gefe take daga nan?

“Wace rijiya?”

“Ta garinmu. Mai goruba uku a kanta.”

“Garinku ba shi da goruba! Rijiyarku aduwa ce a kanta, guda ɗaya, ruwan ma da ɗaci. Mai goruba uku ai ta wani gari ce, can yamma, tafiyar yini.” Ya faɗi sunan garin.

Na san sunan. Ban san shi daga ƙuruciya ba, daga Onitsha na san shi. A cikin mu taran nan da ke ɗaki ɗaya akwai wani dogo mai tsagar Barebari, wanda kullum bayan mun dawo daga dako sai ya ba mu labarin garinsu: rijiya mai goruba uku, ruwa mai sanyi kamar na randa, yara suna jifan goruba da duwatsu. Ya iya ba da labari. Ni ba ni da abin faɗa a lokacin, garinmu yunwa na baro a cikinsa da sabon kabari. Ban san ranar da na zaga ta baya na karɓo rijiyarsa ba. Ban san ranar da na manta cewa karɓowa na yi ba. Na tsuguna a gaban tsohon nan ina ƙoƙarin ganin aduwa ɗaya a bakin rijiya, sai goruba uku suke ta fito mini, har da inuwarsu.

Na ce, “To kufan fa? Da maƙabarta?”

Ya miƙe da ƙyar ya nuna kudu, kusan ta inda muka kafa tanti, akasin inda na kai su jiya. Ya ce lokacin da ya sani, garin yana ƙarƙashin wani babban tudu mai baki kamar lauje. Amma tuddan nan tafiya suke yi. Wanda ya rufe garin wataƙila ya wuce, wani ya hau. Ya ce ko wancan ne, ko na bayansa, ko kuma mun kwana a kansa. Ya ce shi kansa kabarin yayarsa yana can, kuma ya daina nema tun gashinsa bai yi fari ba.

Da na juyo, Uwata tana tsaye bayana. Mijinta ya ja jami'in can nesa yana tambayarsa game da kanwa da wata irin himma da ban taɓa ganinsa da ita ba. Na gode masa a zuciyata.

Na ce, “Uwata, kin ji.”

“Na ji, Baba. Har mutanen Nijar sun ji.”

Na ce, “Ban san wurin ba. Jiya ma ban sani ba.” Kalmomin suka fito da nauyi, kamar ina magana da wani yare.

Ta ce, “Na sani tun jiya. Tun a shago ma.”

“Kamar yaya?”

“Baba, a ƙarƙashin teburinka na yi rarrafe. ‘Akwai’ ɗin nan taka iri biyu ce. Idan kayan suna ciki, kana faɗa kana zaune. Idan babu, kana faɗa kana neman takalmi da ƙafa. Ranar da na nuna maka hoton, takalmi kake nema.”

Na ce, “To don me kika bari muka sha wannan rana?”

Ta ɗan yi dariya, amma idonta ya kawo ruwa. “Ai kullum kana dawowa da kayan. Ban taɓa ganin ka zaga ka dawo hannu wofi ba. Na ɗauka wannan ma za ka samo.” Sannan ta ce, “Gorubar ce ban sani ba. Ita kam kana zaune kake faɗarta.”

Wannan ce ta fi ruɗa ni, kuma har yau ba ta sake ni ba. Idan abin da na faɗa ina zaune, da zuciya ɗaya, na wani ne, to me ya rage a rumbun da yake nawa? Waƙar da nake cewa mahaifiyata tana yi idan tana daka, tata ce ko ta uwar dogon nan? Tabon da ke ƙafata na san nawa ne, amma labarin yadda na same shi fa? Uwata ta tambaye ni wannan a hanyar komawa, ba da faɗa ba, tambaya kawai. Na ce mata ban sani ba. Sau biyu ke nan a yini ɗaya.

Kafin mu naɗe kaya muka hau tudun da ke kudu da masaukinmu, mu huɗu. Ba mu san ko shi ne ba. Muka fuskanci alƙibla, na yi wa mahaifiyata addu'a, na haɗa da yayar tsohon da duk wanda ke ƙarƙashin yashin nan, a wannan tudu ko na bayansa. Surukina ya cire agogonsa ya sa a aljihu. Uwata ta daɗe tana zaune ta tura hannu cikin yashi har wuyan hannu. Ban tambaye ta me take ji ba, don ba ni da amsar da zan ba ta idan ta mayar mini da tambayar.

Tampol ɗin na bar wa tsohon, ya rufe buhunan kanwarsa. Ya juya shi ya ja gefensa ya ce mai kyau ne. Na ce na sani. Wannan kam na sani.

Na dawo Enugu na zauna na yi lissafi, don ban iya barin abu ba lissafi ba. Kwana uku sun tafi, har da huɗun hanya. Ruwa mun shanye. Gwiwoyi suna nan, sun ƙara baki, farce ya fita wani ya fito. Tampol kyauta na bayar, ba na sa shi a asara. Maganar shekara ashirin da shida ta tafi gaba ɗaya, ta kuma tafi da goruba uku da ban san ba nawa ba ne. Abin da na shigo da shi: aduwa ɗaya da rijiya mai ɗaci, waɗanda ba na iya ganinsu a idona amma an tabbatar mini nawa ne, da sana'ar mahaifina a bakin wanda ya san shi, da dabarar kwantar da turke, wadda na riga na koya wa masu saye biyu.

A shago har gobe akwai nake cewa, kuma ina dawowa da kaya. Amma yanzu idan Uwata ta zo ta zauna ta ce in ba ta labarin kakarta, sai in lura tana duban ƙafafuna. Ni ma su nake dubawa. Ba sa motsi, kuma wannan bai ƙara tabbatar wa ɗayanmu komai ba. Ta fi zuwa yanzu fiye da da, ta fi tambaya, ni kuma na fi ƙarancin amsa. Na sa wannan a gefen riba, na goge, na sa a gefen asara, na sake gogewa. Yana nan a tsakiya.